Nomau Da Neman Maganin Mantuwa

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da ba ya barci, ba ya mantuwa. Ya ku mazauna wannan inuwa, ku gyara zama ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ne Nomau ɗan Inna mai daddawa, mutumin Gangaren Ɗorawa da ke bayan duwatsun Kufai. Na keta rairayi, na haye ruwa, na ci abincin da ban san sunansa ba, na zauna a hannun mutanen da ko gaisuwa ba su iya ba. Ba zinariya ta fitar da ni daga gida ba, ba kuma sarauta ba. Maganin mantuwa na tafi nema. In kun ji ina ba da labarin ina tsaki, ku yi mini uzuri, har yau abin bai daina ci mini rai ba.

Ni ne ɗan farin Inna. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallon tsabar idona ba, kamar kowace uwa mai kunya a garinmu. In za ta ba ni tuwo sai ta ce wa ƙanwata Kande, "Kai wa wancan." Da tsufa ya kama ta sai ta fara mance inda ta ajiye ludayi, ta mance ta yi salla ta sake yi. Muka ce gajiya ce. Ni da Kande muka hutar da ita daga sana'a, na gina mata sabon ɗaki can ƙuryar gida, nesa da hayaƙi da hayaniya, aka shafe shi da farar ƙasa. Duk gari aka yi ta sa mana albarka.

Wata safiya na shiga gaishe ta, sai ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, tana murmushi. Ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Yaya sunanka?"

Na ce, "Nomau."

Ta ce, "Nomau. Suna mai daɗi. Ɗan wane gida ne kai, Nomau?"

Kande ta saki ƙwaryar koko ta fita tana kuka. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Ban taɓa jin sunana ya yi mini ɗaci irin na ranar ba.

Babu rubutun da ba a sha ba, babu saiwar da ba a jiƙa ba, Inna sai gaba take yi. Ana nan sai wani bafatake ya ce mini a gabas mai nisa akwai garuruwan da ilimi ya zama abincinsu, kuma ya ji ana cewa suna da maganin mantuwa. Na bar wa Kande rumbun gero da amanar Inna, na rataya gora na kama hanya.

Na yi tafiya har takalmana suka cinye, na sake wasu. Garin da na fara isa shi ne Birnin Kunnawa, wanda aka gina cikin kwarin dutse, inda ko tari ka yi sai ya dawo maka. Mutanensa sun yi imani ilimi ta kunne kaɗai yake shiga, sauran gaɓoɓi kuwa ɓarayi ne masu satar hankali. Saboda haka kowa a garin idonsa a ɗaure yake da baƙin ƙyalle, hancinsa a toshe da kakin zuma, hannuwansa cikin jakar fata. Baƙo kuma sai an ɗaura masa ƙararrawa a ƙafa, don a riƙa jin inda yake.

Aka kai ni gaban Shehin garin, na faɗi buƙatata. Ya ce, "Muna da maganin. Kalmomi ne, ka haddace su ka je ka karanta mata a kunne."

Aka ɗaure mini ido, aka toshe mini hanci, aka sa hannuwana cikin jaka, aka zaunar da ni a wani ɗaki da ba sanyi ba zafi. Shehi ya riƙa karantowa ina maimaitawa, daga hantsi har la'asar, da murya ɗaya wadda ba ta hawa ba ta sauka. Ina kama farkon, ƙarshen ya zube. Ina kama ƙarshen, tsakiyar ta gudu. In na kwana na tashi sai in tarar da kaina fayau. Na ce ko ni ne daƙiƙi? Sai na lura kullum da safe akwai sanƙira da ke zagaya gari yana faɗa wa mutane sunayen unguwanninsu, domin su ma in ba a maimaita musu ba sai su ɓace a ƙofar gidajensu. Shehin kansa akwai mai raɗa masa karatun ta bayan labule.

Na ce masa, "Allah gafarta Malam, maganin nan ya taɓa warkar da wani kuwa?"

Ya ce, "An ce ya warkar. Ban riƙe ko wane ne ba."

Na ce zan tafi. Sai aka sanar da ni dokar garin: wanda ya fara karatu bai haddace ba, ba ya fita. Za a saka shi cikin Rijiyar Amo, ya zauna yana maimaita abin da aka faɗa masa har ya mutu. Da tsakar rana, dogarai na kewaye da ni, na cire jakar hannuna da haƙori, na zame ƙyallen ido, na kwance ƙararrawar na ɗaura wa wani tsohon bunsuru da ke kiwo a jikin katanga, na make shi a gindi. Bunsuru ya ruga cikin kasuwa, dogarai suka bi shi duu suna kira, "Nomau, dawo ka maimaita." Da hancinsu a buɗe yake, warin bunsurun nan kaɗai ya isa ya tona mini asiri. Na ɗauki takalmana a hannu na fice ta babbar ƙofa.

Daga nan na faɗa Birnin Zane. Su kuma ido suka riƙa. Kunnuwansu cushe da auduga, ba mai magana, komai da nuni ake yi. Duk iliminsu yana jikin wata doguwar katanga wadda ta kewaye garin, an zane ta da launuka masu ɗaukar ido. Na yi ta nuni da hannu kamar mai korar ƙuda har suka gane abin da nake so, suka kai ni wurin da aka zana maganin mantuwa. Ga tsohuwa, ga tukunya, ga wani ganye. To, wane ganye? Ganyen da aka zana zai iya zama na tafasa, zai iya zama na rai-ɗore, zai iya zama na dafi. Na kalla har idona ya yi ruwa. Haushi ya sa na matsa na kai hanci in sansana, kamar yadda ake yi wa kowane ganye a duniya, hancina ya goge fentin.

Ashe babu laifin da ya kai taɓa katanga. Aka kulle ni a wani ɗakin ƙasa, masu tsaro suna leƙena ta taga, kafin a yanke mini hancin da ya yi laifi. Na cusa wa rigata ciyawar shimfiɗa, na ɗora mata hulata, na zaunar da ita tana fuskantar bango daidai inda suke hange. Ni kuma na koma lungun da tagar ba ta kaiwa, na sami dutse na shiga dukan bangon baya iya ƙarfina, har da waƙa. Ba wanda ya ji. Na fita ta ramin da na fasa, ba riga ba hula, ina zagin garin da babbar murya, mutane na wucewa suna yi mini murmushi.

A lokacin nan na fara tunanin ko bafataken nan wasa ya yi da hankalina. Ga shi na ɓata, ban san hanyar gida ba. Na yi ta gangarawa har na iso bakin wani tafki da ba a hango ƙarshensa, inda masunta ke hawan wani ƙaton kunkuru maimakon jirgi, ana sallamarsa da kabewa. Suka tausaya mini suka ɗauke ni. Ya sauke mu a Tsibirin Sanga.

Tun daga gaɓa na san na zo wani wuri dabam. Ga ƙamshi iri-iri, ga kiɗa ta ko'ina, ga yara da manya suna tafe ba takalmi suna tauna wani abu suna rera karatu. Aka kai ni wurin wata tsohuwa mai suna Gwaggo Tambara, wadda ita ce babbar mai koyarwa a tsibirin. Ƙarama ce, baƙa, mai faɗa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai kuma wa ya tuɓe ka?"

Na kwashe labari na faɗa mata. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Kafin maganar uwarka, ka san hanyar komawa gida?"

Na ce, "Ban sani ba, Gwaggo. Kuma kada ki wahalar da kanki, kaina ba ya riƙe abu. An gwada a gari biyu."

Ta ce, "Tuɓe takalmin."

Akwai gajeriyar hanya daga tsibirin zuwa duwatsun Kufai, amma ta cikin fadama take bi, mai marararraba da yawa, wanda ya kuskure ɗaya ya tafi ke nan. Gwaggo ta kai ni filin karatunsu. Ta tsayar da ni cikin laka mai sanyi, ta sa mini tsamiya a harshe, ta ƙona ɓawon lemo a kasko, makaɗi ya buga kalangu da sauri, ta ɗaga jan ƙyalle a gabana, duk a lokaci guda, ta ce, "Mararrabar farko, ka bi hagu." Ta matsar da ni kan tsakuwa mai zafi, ta sa mini gishiri, ta ƙona ƙaro, aka buga ganga a hankali, ta ɗaga farin ƙyalle. "Ta biyu, ka miƙe, kada ka kula da itacen da ya karkata." Haka muka yi ta yi har rana ta yi sanyi. Washegari ta ce in faɗo. Na buɗe baki da niyyar in ba ta haƙuri, sai na ji yawun tsamiya ya tsinke mini, tafin ƙafata ya tuna sanyin laka, hanyar ta zubo daga bakina tun daga farko har ƙarshe ba gargada. Yanzu haka in kuna so sai in karanto muku ita.

Murna ta kama ni. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, na yarda. Ku ne masu abin. A ba ni maganin in tafi."

Ta ce, "Wane magani?"

"Na mantuwa."

"Ba mu da shi. Ba wanda yake da shi."

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Na bar uwata ba lafiya, na bar ƙanwata ita kaɗai, an kusa jefa ni rijiya, an kusa yanke mini hanci, na hau kunkuru tsirara, sa'an nan ki ce mini babu? To, tsamiyar da kika cika mini baki da ita ta mece ce?"

Ta bar ni na gama. Sa'an nan ta ce, "Zauna, ɗan nan. Mece ce sana'ar uwarka?"

Na ce daddawa take yi tun tana budurwa.

"Yanzu wa ke yi?"

"Ba kowa. Mun hutar da ita. Na gina mata ɗaki mai tsabta, ba hayaƙi, ba wari, ba ƙarar turmi." Na faɗi haka da ɗan alfahari, don ni a sanina abin kirki na yi, kuma har gobe ban ga wanda zai ce mugunta ce ba.

Gwaggo ta girgiza kai. Ta ce, "Abin da mutum ya sani ba a kai kaɗai yake zaune ba. Wani yana hannu, wani yana hanci, wani yana harshe. Kan uwarka ya gaji, sai kuka bi sauran ƙofofin kuka rufe, kuka tsaya a waje kuna ƙwanƙwasa wadda ta lalace. Koma ka buɗe su. Amma duka tare, ba ɗaya-ɗaya ba. In ka dace, za ka ji ta kira sunanka."

Na ce, "Ai kiran sunan ne ciwon. Ni ɗan fari ne."

Ta kasa ganewa. Na yi bayani, ta tara matan tsibirin na sake yi, suka yi ta kallona kamar na ce a garinmu da ka ake tafiya. Daga ƙarshe Gwaggo ta ce, "Ku kuka san wannan. Ni dai na faɗa maka abin da na sani, kuma ban ce zai daɗe ba." Ta ba ni riga, ta sallame ni.

Na keta fadamar ban kuskure ko mararraba ɗaya ba, ina tafe ina ƙunƙuni. Na shiga Gangaren Ɗorawa hannu rabbana. Kande na tsakar gida tana wanki, ta rame, ta yi baƙi. Ta dubi hannuna na dama, ta dubi na hagu. Ta ce, "Yaya, ina maganin?"

Na faɗa mata abin da Gwaggo ta ce.

Ta ce, "Wato damina ta wuce, wata ta wuce, ina nan ina wanke ta ina ba ta abinci a baki, kai kana can kana shan tsamiya, ka dawo ka ce in fito da tsohuwa in sa ta daka? Me mutane za su ce? Su ce mun gaji da ciyar da ita?"

Na shiga wurin Inna. Ta ƙanƙance, tana zaune tana kallon farin bango. Ta yi mini maraba irin ta baƙo, ta tambayi sunana, ta maimaita shi. Gaggawa ta sa na karya dokar Gwaggo: na aika aka sayo daddawa a kasuwa na kai mata hanci. Ta kawar da kai ta ce a fitar da wannan abu. Kande ta dube ni, ta ɗauke daddawar ta fita da ita.

Sai da na yi kwanaki ina lallashin Kande kafin ta yarda. Muka auno kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, muka fito da tsohuwar tukunyar Inna daga bayan rumbu, muka kafa murhu a inda yake tun asali. Na ɗauko Inna na zaunar da ita a kan tsohuwar kujerarta kusa da wuta. Aka wuni ana dafa kalwa, hayaƙi na shiga mata ido. Wutar kawai take kallo. Washegari maƙwabta suka zo aka yi dakan cire ɓawo, ana lugude ana waƙar da suka saba, wasu na yi suna harararmu. Na ga yatsun Inna suna motsi a kan gwiwarta daidai da faɗuwar taɓarya. Na matsa da sauri na ce, "Inna, kin san ni?" Ta ce, "Sannu, bawan Allah." Na koma bayan ɗaki na naushi bango.

Aka wanke kalwa, aka sake dafawa, aka zuba a kwando aka rufe da ganye da tsummoki, aka bar ta ta kwana biyu. Ni dai na riga na fid da rai. Ranar buɗewa da hantsi, maƙwabta sun dawo da turamensu, wuta na ci a murhu, Kande ta jawo kwandon gaban Inna ta yaye tsumman. Tururi ya taso, warin nan da ke kaiwa har bakin kasuwa ya cika gidan. Na kama hannun Inna na cusa shi cikin kalwar mai ɗumi da yauƙi.

Hannun ya tsaya. Sai ya fara juyawa da kansa, ya shiga ƙasa, ya ɗebo, ya murza. Ta kai baki ta ɗanɗana. Ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Kande, wa ya rufe wannan? Gefen nan bai ji ɗumi ba. Sau nawa zan ce miki a ninka tsumma ta wajen iska?"

Kande ta toshe bakinta da zane. Masu daka suka tsaya, na yi musu nuni da hannu su ci gaba. Na zagayo na durƙusa a gaban Inna. Na ce, "Inna, ni fa? Wane ne ni?"

Ta ɗago. Idonta ya sauka a fuskata, bai daɗe ba ta kawar da shi. Ta jawo mayafinta da hannun da ba kalwa, ta rufe gefen fuska, ta juya wajen murhu. Na jira. Ba ta tanka mini ba, sai ta ce wa Kande ƙasa-ƙasa, "Ce wa wancan ya tashi daga gabana, ya je ya ci abinci. Ina ya shiga haka duk ya rame?"

Na tashi na fita zaure, na zauna na yi kukan da ban yi ba a Birnin Kunnawa, ban yi ba a Birnin Zane.

Da la'asar aka kwashe daddawa aka shanya, wuta ta mutu, aka wanke mata hannu. Na shiga da ƙwaryar fura. Ta dube ni ido cikin ido tana murmushi, ta tambaye ni daga wane gari nake.

Gwaggo Tambara ta ce ba zai daɗe ba, kuma ba ta yi ƙarya ba. Tun daga ranar wuta ba ta sake mutuwa a murhun nan ba. Na zama namiji mai daddawa, yara na yi mini waƙa a hanya, tufafina ba mai son zama kusa da su, na ga ma wasunku sun ja baya tun ɗazu. Wani kwandon a dace, wani kwandon a yi asarar itace. Iyakar abin da na samo ke nan daga gabas mai nisa, ya ku masu sauraro, Allah Ya sa ku fi ni dacewa. Yanzu zan tashi, akwai kwandon da za a buɗe. Ku taya ni addu'a in na shiga kada uwata ta kira sunana.